Lambar da Ke Ɓacewa a Bakin Ƙofa: Tarihin Jeri da Manuni a Harshen C

A cikin harshen shirya manhaja da ake kira C, mutum zai iya rubuta layuka biyu da suka sha bamban a ido, kwamfuta kuma ta ɗauke su abu guda:

`void f(int a[10])`

`void f(int *a)`

Layin farko yana cewa fankishan mai suna `f`, wato wani yanki na manhaja da aka keɓe don yin aiki guda, zai karɓi jeri mai ɗauke da lambobi 10. Na biyu yana cewa zai karɓi manuni, wato adireshin wani gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Amma kwamfaila, manhajar da ke juya rubutun ɗan'adam zuwa umarnin na'ura, tana share wannan 10 ba tare da ta ce uffan ba. Ko 10 aka rubuta, ko 10,000, ko an bar wurin fayau, abin da ke isa hannun fankishan shi ne adireshin lamba ta farko, shi ke nan.

A wajen fankishan kuwa, jeri da manuni ba su da wata alaƙa ta jini. A ɗauka wani manomi a Kajiji, ta ƙaramar hukumar Shagari, ya kai buhunan gero goma ajiya a wani shago da mutane da dama ke amfani da shi, aka jera masa su kusa da juna. Buhunan nan goma su ne jeri. Manuni kuwa 'yar takarda ce da aka rubuta kwatancen inda buhun farko yake. Idan manomin ya ɗauki lebura ya kwashe masa geron, harshen C ba ya barinsa ya damƙa masa buhunan. Takardar kawai zai ba shi, kuma babu adadi a jikinta. Lebura zai fara daga buhun farko ya yi gaba. Idan ba a faɗa masa goma ba ne, to ba abin da zai hana shi ɗaukar na goma sha ɗaya, wanda na maƙwabci ne.

Ana iya ganin wannan da ido ta hanyar umarnin `sizeof`, mai faɗin girman abu. A yawancin kwamfutocin yau, jeri mai lambobi 10 yana cin bayit 40, kuma amsar da `sizeof` ke bayarwa ke nan a inda aka ƙirƙiri jerin. Da zarar an miƙa shi ga fankishan, tambaya ɗaya tak za ta dawo da amsar 8, girman adireshi a na'ura mai bit 64. Mai shirya manhajar da ya raba wannan 8 da girman lamba guda don ya san yawan lambobin zai sami 2, ya yi aiki a kan biyu, ya bar takwas.

Wannan ɗabi'a tana da ranar haihuwa da dalilin haihuwa, kuma wanda ya haife ta ya bar bayanin yadda aka yi.

Asalin labarin ya faro ne daga BCPL, harshen da Martin Richards na Jami'ar Cambridge ta Ingila ya tsara, ya kuma fara aiwatar da shi a 1967 lokacin da yake ziyarar aiki a MIT ta Amurka. BCPL bai san nau'in bayanai ba. A wurinsa ƙwaƙwalwar kwamfuta dogon layi ne na gurabu masu girma ɗaya, kuma abin da ke cikin gurbi zai iya zama lamba ko harafi ko adireshi, gwargwadon yadda aka yi amfani da shi. Idan mutum ya nemi jeri, sai a ware masa gurabun da ya nema, a kuma ware wani gurbi daban mai ɗauke da sunan jerin, a zuba adireshin gurbin farko a ciki. Ke nan a BCPL sunan jeri manuni ne na haƙiƙa, yana da mazauninsa a ƙwaƙwalwa, ana ma iya sauya abin da ke cikinsa. Miƙa jeri ga fankishan bai zama abin tambaya ba, domin takardar kwatancen ce ake kira jeri tun farko.

A 1969 Ken Thompson na Bell Labs, a jihar New Jersey, ya fara gina tsarin Unix a kan wata tsohuwar na'ura, PDP-7, mai gurabu kusan 8,000 kacal. Ya matse BCPL har ya shiga wannan ƙuncin, ya kira abin da ya samu B. Ya riƙe tsarin jeri yadda yake. Akwai wani abu kuma da ya sauya wanda zai yi tasiri daga baya: BCPL yana rubuta tsawon kalma a farkonta, B kuwa ya jefar da wannan ƙidaya, ya sa wata alama ta musamman a ƙarshen kalma. Duk mai son sanin tsawonta sai ya bi ta harafi bayan harafi har ya ci karo da alamar.

Sai PDP-11 ta iso a 1970. Wannan na'ura tana ba kowane bayit adireshinsa, harafi yana cin bayit ɗaya, lamba tana cin biyu, don haka ɗaukar komai a matsayin gurbi mai girma ɗaya ya zama ɓarna. A 1971 Dennis Ritchie ya fara ƙara wa B nau'o'in bayanai, ya kira matakin farko NB, wato sabon B. A nan ma sunan jeri gurbi ne mai riƙe da adireshi. Manuni kuma ana rubuta shi ne da baka biyu marasa komai a ciki: `int p[]`. A tuna da wannan rubutu, domin shi ne zai tsira.

Matsalar ta taso ne lokacin da Ritchie ya zo ƙara `struct`, hanyar ɗaure bayanai mabambanta wuri guda. Misalin da shi kansa ya bayar a maƙalarsa ta tarihin harshen, "The Development of the C Language", wadda ya gabatar a 1993, shi ne yadda Unix ke rubuta sunan fayil a kan faifai: bayit 2 na lambar fayil, sai bayit 14 na suna, jimla 16. Yana son `struct` ya bayyana waɗannan bayit 16 daidai yadda suke kwance a kan faifan, ta yadda za a karanto su kai tsaye. To idan sunan jeri gurbi ne mai riƙe da adireshi, ina za a ajiye gurbin nan na jerin haruffa 14? A cikin bayit 16 babu wurinsa. Ko da an sami inda za a ɓoye shi, wa zai zuba adireshin da ya dace duk lokacin da aka karanto dubban sunaye daga faifai?

Mafitar da ya samo ita ce ta raba C da kakanninsa. Ya soke gurbin adireshin gaba ɗaya. Daga nan jeri ya zama buhunan da kansu, ba takarda a tare da su. Amma duk lokacin da aka ambaci sunan jeri a cikin lissafi, kwamfaila za ta ƙirƙiro adireshin gurbin farko nan take ta yi aiki da shi. Dabarar ta yi kyau ƙwarai, domin kusan duk manhajojin da aka rubuta da B sun ci gaba da aiki. 'Yan kaɗan da ke sauya adireshin da ke cikin sunan jeri ne suka buƙaci gyara. A bazarar 1973 an sake rubuta zuciyar Unix da sabon harshen.

Kiran fankishan ma lissafi ne. Saboda haka idan aka rubuta `f(a)`, sunan `a` yana rikiɗa zuwa adireshi tun kafin ya ƙetare ƙofa. Abin da ya rage shi ne yadda za a rubuta sunan abin da fankishan ke karɓa, kuma a nan aka bar tsohon rubutun NB, `int a[]`, da tsohuwar ma'anarsa ta manuni, alhali a ko'ina cikin harshen baka biyun nan sun koma nufin jeri. Ritchie ya kwatanta wannan rubutu da halittar zamanin da wadda ta ƙi ƙarewa. Ya ce an bar shi ne don kada tsofaffin manhajoji su lalace, da kuma hujjar cewa zai nuna wa mai karatu niyyar marubuci, sannan ya yarda cewa ruɗin da yake jefa ɗalibi a ciki bai gaza amfanin da yake yi ba. Shaidar tana cikin layin da kowane mai koyon C ke rubutawa a makonsa na farko, `char *argv[]`. Yana kama da jeri, amma ana iya rubuta `argv++` a matsa shi gaba, abin da jeri na gaskiya ba ya yarda da shi.

Dokar tana da ɓaraka nan da can, kuma kowace ɓaraka tana nuna cewa faci ne aka yi. Jeri mai layi da shafi, kamar `int m[3][4]`, yana rasa lambar farko ce kawai a bakin ƙofa; 4 ɗin tana nan, domin in babu ita kwamfaila ba za ta san inda layi na biyu ya fara ba. Jerin da aka naɗe cikin `struct` kuma, tun da aka ba harshen damar miƙa `struct` jim kaɗan bayan littafin Kernighan da Ritchie na 1978, ana kwafe shi ne ɗungurungum zuwa cikin fankishan, da girmansa da komai. Buhunan da aka hana lebura ɗauka a fili, idan aka rufe su da tabarma sai a ɗora masa su a ka.

Adalci ya buƙaci a duba abin da Ritchie ke gudu. PDP-11 ta farko a Bell Labs tana da ƙwaƙwalwa mai kilobayit 24, abin da hoto guda da ake turawa ta WhatsApp ya ninka sau da yawa. Kwafe jeri duk lokacin da aka kira fankishan almubazzaranci ne a irin wannan na'ura. Ɗaya hanyar kuma an gwada ta, an ga wahalarta. A harshen Pascal, wanda Niklaus Wirth ya fitar a 1970, girman jeri wani ɓangare ne na nau'insa: jeri mai lambobi 10 da mai 11 jinsi biyu ne daban. Wannan ya ba kwamfaila damar tsare iyaka, amma ya sa fankishan da aka rubuta don jera lambobi 10 daga ƙarami zuwa babba ba zai karɓi 11 ba. Brian Kernighan, a maƙalarsa ta 1981 mai suna "Why Pascal Is Not My Favorite Programming Language", ya ɗauki wannan a matsayin babbar illar harshen, kuma yana da gaskiya. Sai da ƙa'idar ISO ta Pascal ta 1983 ta ƙara wata hanya ta zaɓi don sassauta abin. Mai son rubuta manhajojin da za a yi ta amfani da su a kan bayanai masu girma daban-daban, a shekarun 1970, C ne ya buɗe masa hanya. Zaɓin Ritchie na 1972 yana da hujja. Abin da ke da wuyar karewa shi ne barin rubutun da ke alƙawarin adadi alhali ba ya cika shi, da kuma daɗewar da aka yi ba a samar da hanya ta uku ba bayan ƙuncin ƙwaƙwalwa ya wuce.

An fara biyan bashin a bainar jama'a ranar 2 ga Nuwamba, 1988. A ɗakin karatun C akwai wani fankishan mai suna `gets`, wanda aikinsa shi ne karanta layin rubutu ya zuba a mazubin da aka nuna masa. Abu ɗaya yake karɓa, manuni. Babu wata hanya, ko da marubucinsa ya so, da zai san girman mazubin. Wata ƙaramar manhaja ta Unix mai suna `fingerd` ta ware bayit 512 ta miƙa wa `gets`. Robert Tappan Morris, ɗalibin digiri na gaba a Jami'ar Cornell, ya aika mata bayit 536. Rarar ta malala ta hau kan wurin da na'ura ke ajiye adireshin inda za ta koma bayan kammala aiki, sai ta koma inda Morris ya zaɓa. Wannan na ɗaya daga cikin ƙofofin da tsutsarsa ta bi ta shiga dubban kwamfutoci. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan 6,000, kimanin kashi ɗaya cikin goma na intanet ɗin wancan lokaci. A sanadiyyarta aka kafa cibiyar CERT a Jami'ar Carnegie Mellon, aka kuma same shi da laifi a 1990. Mahaifinsa, Robert Morris, yana cikin waɗanda suka yi aikin Unix a Bell Labs, musamman ɓangaren kalmar sirri.

Shekara guda bayan tsutsar, a 1989, kwamitin ANSI ya kammala ƙa'idar C ta farko. Ya rubuta dokar ƙarara, cewa duk abin karɓar fankishan da aka bayyana a matsayin jeri za a mayar da shi manuni, kuma ya bar `gets` a cikin ƙa'idar. Sai a 2011 aka cire shi, shekara 23 bayan kowa ya ga abin da yake iya jawowa.

Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne Ritchie da kansa ya kawo magani. A 1990 ya wallafa maƙala mai suna "Variable-Size Arrays in C", inda ya ba da shawarar wani irin manuni mai tafiya da girman jerin a jikinsa, wato takardar kwatance da aka rubuta adadin buhuna a ƙasanta. Kwamitin bai ɗauka ba. Abin da ƙa'idar 1999 ta kawo shi ne jeri mai girman da ake tantancewa lokacin aiki, da kuma damar rubuta `int a[static 10]`, ma'ana mai kira ya yi alƙawarin aƙalla lambobi 10. Alƙawari ne kawai. Kwamfaila tana iya yin gargaɗi idan ta hango saɓa shi, ba a wajabta mata ba, kuma `a` yana nan a manuninsa. Mutane ƙalilan ne ke amfani da wannan rubutu. Da yawa daga waɗanda suka shekara suna rubuta C ba su taɓa cin karo da shi ba.

Don haka al'ada ta zama miƙa abu biyu: manuni, da lamba daban mai faɗin tsawo. Wannan ya fi `gets` nesa ba kusa ba, amma ba abin da ya ɗaure biyun, kuma abin da ba a ɗaure ba yana iya rabuwa. A Afrilun 2014 aka bayyana ramin Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke kulle sadarwar shafukan intanet masu ɗimbin yawa, har da na bankuna. Saƙon da ke shigowa yana faɗin tsawon kansa, manhajar kuma ta gaskata shi ba tare da aunawa ba. Mai kai hari zai aiko da 'yan haruffa ya ce sun kai kilobayit 64, sai a kwafo masa haruffansa haɗe da duk abin da ke maƙwabtaka da su a ƙwaƙwalwa, wanda zai iya haɗawa da kalmomin sirrin wasu.

Ƙwarewa ma ba ta zama kariya ba. A Satumbar 2015 Linus Torvalds ya yi wa masu aikin zuciyar Linux faɗa mai zafi, irin wanda aka san shi da shi, bayan ya ga wani fankishan a ɓangaren Wi-Fi da aka rubuta masa abin karɓa da siffar jeri mai gurabu 10, aka kuma yi amfani da `sizeof` don zagaya shi. Amsar da ke fitowa girman manuni ce, 8 ko 4 gwargwadon na'ura. Matsayinsa shi ne a daina rubuta abin karɓa da siffar jeri kwata-kwata, a rubuta manuni a fili tunda shi ne gaskiyar lamarin. A shekarar ce kwamfailar GCC ta fara gargaɗi kan wannan kuskure, shekara fiye da 40 bayan haihuwarsa.

Abin ya shafi wanda bai taɓa ganin layin C ba. Duk wayar Android da ke aljihun ɗan kasuwa a Sakkwato ko malamin makaranta a Boɗinga tana tafiya ne a kan zuciyar Linux, wadda aka rubuta da C. A Mayun 2019 WhatsApp ya toshe wani rami na malalar mazubi a ɓangaren kiran murya, wanda ta cikinsa ake iya dasa manhajar leƙen asiri ta hanyar kiran waya, ko mai wayar bai ɗauka ba. A ƙarar da kamfanin ya shigar a kan NSO Group ta Isra'ila a Oktobar shekarar, ya ce an hari masu amfani kusan 1,400, cikinsu da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan'adam. A shekarar 2019 ɗin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da yake toshewa duk shekara matsalolin kula da ƙwaƙwalwa ne, masu Chrome kuma suka ba da adadi makamancinsa a 2020. Ba duka ne suka fito daga ɓacewar tsawon jeri ba, akwai wasu iyalai kamar amfani da gurbin da aka riga aka saki, amma ƙetare iyakar jeri na cikin manyan rassan. Walter Bright, mai harshen D, ya rubuta a 2009 cewa narkar da jeri zuwa manuni a bakin fankishan shi ne kuskure mafi girma a C, kuma gyaran da ya kawo bai yi nisa da na Ritchie na 1990 ba.

Harsunan da suka biyo baya sun ɗauki wannan gyara. Go, wanda Google ya bayyana a 2009, yana da Ken Thompson cikin mutum uku da suka tsara shi, tare da Rob Pike da Robert Griesemer. A cikinsa jeri na gaskiya ana kwafe shi ne idan aka miƙa shi, kuma girmansa na cikin nau'insa kamar a Pascal. Don aikin yau da kullum kuma akwai abin da za a iya kira yanki, wanda ke tafiya da adireshi da tsawo a ƙunshi guda, ana kuma duba iyaka a kowane taɓi. Mutumin da ya cire ƙidaya daga farkon kalma a kan PDP-7 ya mayar da ita bayan shekara 40, lokacin da ƙarin bayit 8 ya daina zama abin lissafi. Rust, wanda sigarsa ta farko tabbatacciya ta fito a 2015, ya bi irin wannan hanya, C++ ma ya ƙara `std::span` a ƙa'idarsa ta 2020, ko da yake a can duba iyakar bai zama tilas ba.

Shi C kansa bai sauya ba. Ƙa'idarsa ta baya-bayan nan, C23, ta riƙe dokar yadda take, domin biliyoyin layukan da aka riga aka rubuta sun dogara da ita, kuma dalilin da ya sa Ritchie ya tausaya wa manhajojin B a 1972 ya ƙara nauyi sau dubbai. Linux ya buɗe wa Rust ƙofa a Disambar 2022, amma mafi rinjayen zuciyarsa C ne, kuma zai daɗe a haka. Abin da masu kula da tsaronsa suka koma yi tun 2023 shi ne bin tsofaffin `struct` masu jeri a ƙarshensu, suna liƙa musu wata alama mai suna `__counted_by`, wadda ke gaya wa kwamfaila wane gurbi ne ke riƙe da adadin. Ana yin aikin ne da hannu, `struct` ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne sai an karanta manhajar da ke kewaye da shi an tabbatar ana rubuta adadin kafin a taɓa jerin.